Sa Ido Ga Ma'aikaci Da Kyamara A Wurin Aiki: Waiwaye Kan Tarihin Halaccinsa Daga Zamanin Hisba Zuwa Dokar 2023

1.0 Gabatarwa

A yau ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga banki ko gidan mai ko kantin magani a garin Jalingo, tun daga tsakiyar gari har zuwa unguwanni irin su Yelwa, ya ɗaga kai ya ga 'yar ƙaramar kyamara maƙale a kusurwar rufi. Idan aka tambayi mai wurin zai ce saboda 'yan fashi da ɓarayin dare ya kafa ta. Amma idan aka lura da kyau, sau da yawa za a tarar tana fuskantar teburin karɓar kuɗi ne ko ƙofar sito, wato ke nan waɗanda take kallo wuni guda su ne yaron shago da akawu da mai zuba mai. Bisa abin da ta ɗauka ana iya korar mutum daga aiki, ko a miƙa shi ga 'yan sanda, ko kuma a watsa hotonsa a wayoyin jama'a ya rasa mutuncin da ya daɗe yana tarawa.

Tambayoyi biyu ne ke tattare da wannan al'amari, waɗanda galibi akan cuɗa su wuri guda. Ta farko ita ce, shin ya halatta a ɗauki hoton ma'aikaci ta wannan hanya? Ta biyu kuwa, idan an riga an ɗauka, shin kotu za ta karɓe shi a matsayin shaida? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka amsa waɗannan tambayoyi a Arewacin Nijeriya. Za a nuna cewa malaman fiƙihu da tambaya ta farko suka fara, ita kuwa dokar da aka gada daga Turawa ta shafe kimanin shekara hamsin tana warware ta biyu, ba ta waiwayi ta farko sosai ba sai a 2019 da 2023.

2.0 Sa Ido Kafin Zuwan Turawa

2.1 Maigida Da Yaransa

Sa ido ga wanda aka ɗanka wa dukiya ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. A tsarin fatauci na Hausawa, maigida kan ba yaronsa goro ko shanu ko tsabar kuɗi ya tafi da su tafiyar watanni, ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba. Abin da ke tsare dukiyar shi ne amana, ita kuwa amanar tana da masu gadinta, wato madugu da fatoma da dillali da sauran abokan tafiya, waɗanda duk abin da yaro ya yi a zango sai ya riga shi isa kunnen maigida. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kan bashi da sanayya, da yadda ɓacin suna yake zama hukunci mai tsanani ga wanda ya ci amana.

Haka abin yake a sha'anin sarauta. Hakimi yana zaune a birni, jakadansa ne idonsa a ƙauyuka. Masarautar Muri, wadda Hamman Ruwa ƙanen Buba Yero ya kafa a 1817, kuma Sarki Muhammadu Nya ya mayar da hedkwatarta Jalingo a 1893, ɗaya ce daga masarautun Daular Usmaniyya, waɗanda ake gudanar da mulkinsu ta hanyar wakilai da manzanni. Abin lura a nan shi ne, wannan ido na ɗan'adam ne, an san shi, ana iya ƙaryata shi, kuma yana gajiya ya yi barci.

2.2 Bin Diddigi Da Leƙen Asiri A Fiƙihu

Malaman Musulunci sun bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne muhasaba, wato yi wa ma'aikaci lissafin abin da aka ɗanka masa. Wannan halal ne, har ma wajibi ne a kan shugaba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya binciki wani mai karɓar zakka da ake kira Ibnul Lutbiyya, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa a wurin aiki. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ma yakan tura Muhammadu ɗan Maslama ya bincika ƙorafin da aka kawo kan gwamnoninsa. Na biyu shi ne tajassusi, wato leƙen abin da mutum ya ɓoye, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana tare da mummunan zato da yi da mutum. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganar da yake yi cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Littattafan hisba sun kawo labarin da aka ruwaito cewa Halifa Umar ya haura katangar wani gida ya iske ana saɓo, sai mai gidan ya nuna masa cewa shi ma ya yi kuskure, domin ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba. Halifa ya fita bai hukunta shi ba. Ma'anar labarin a wurin malamai ita ce, hanyar da aka bi aka gano laifi ita ma abar tuhuma ce. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi ba shi da ikon tono abin da bai bayyana ba, sai fa inda alamu suka yi ƙarfi cewa za a aikata ɓarnar da ba ta gyaruwa bayan aukuwarta, kamar kisan kai.

Shugabannin jihadi sun gaji wannan tsari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki karɓar gaisuwa da sarakunan Haɓe ke yi a cikin Kitabul Farƙi, Malam Abdullahi kuwa ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya zama jagora ga masu mulki, ya kuma yi wani littafi na musamman kan hisba. Saboda haka za a iya cewa ƙa'idar da aka gada ita ce, a bincika aiki a fili, a bar abin da ke bayan labule, in kuwa tilas ta kama a leƙa, to, sai da dalili mai ƙarfi.

3.0 Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka musanya idon jakada da idon takarda. A cikin shekaru goma na farkon mulkinsu aka tura hakiman Kano su zauna a gundumominsu, aka soke aikin jakadu, aka kuma fara kafa baitulmalin En'e a masarautu. Daga nan rasit da littafin haraji da rangadin Di'o da binciken odita suka zama hanyoyin kama malamin haraji ko ma'ajin da ya taɓa kuɗin hukuma. Ƙasar Muri ta bi wannan tsari, da farko a ƙarƙashin Lardin Muri, daga 1926 kuma a ƙarƙashin Lardin Adamawa.

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ware sassa na musamman ga laifin bara ko akawu. Sashe na 289 ya shafi satar da ya yi wa maigidansa, na 314 kuma ya shafi cin amanar dukiyar da aka ɗanka masa. Wannan ya nuna doka ta ɗauki laifin ɗan gida da nauyi fiye da na baƙo. Sai dai ba ta faɗi yadda maigida zai bi ya gano laifin ba. Ita kanta kyamarar tsaro a lokacin jaririya ce, domin a 1942 aka fara amfani da ita a Jamus wajen kallon gwajin makamin roka, kuma sai bayan shekaru masu yawa ta yi arhar da mai shago zai iya saye.

4.0 Dokar Nijeriya Daga 1960 Zuwa 2011

Haƙƙin sirri ya shiga Tsarin Mulkin Nijeriya ne ta dalilin Hukumar Willink, wadda aka kafa a 1957 don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, ta kuma ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a cikin tsarin mulki. Tsarin Mulkin 1960 ya ɗauki wannan haƙƙi, ya zo a sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1979, sannan a sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. Sashe na 45 kuma ya ba da damar a taƙaita shi da doka saboda tsaro ko kare haƙƙin wasu. Amma sashen bai ambaci wurin aiki ba, haka ma Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta ce kome kan sa ido ga ma'aikaci ba.

A ɓangaren shaida kuwa an samu amsa da wuri. A 1955 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ta ƙasashen da Ingila ke mulka ta yanke hukunci a shari'ar Kuruma, wani mutumin Kenya da aka samu harsashi biyu a jikinsa a wani bincike da 'yan sandan da ba su da ikon yin sa suka gudanar. Kotun ta ce abin dubawa shi ne ko shaidar ta shafi batun da ake shari'a a kai, ba yadda aka samo ta ba. Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi wannan ra'ayi a shari'ar Musa Sadau ta 1968, tare da barin alƙali da ikon ƙin shaidar da za ta zalunci wanda ake tuhuma. Idan aka kwatanta wannan da labarin Halifa Umar za a ga an yi hannun riga, domin a nan haura katanga ba ya hana a karɓi abin da aka gani a bayanta.

Matsalar da ta rage ita ce ta nau'in shaidar. Tsohuwar Dokar Shaida, wadda ta fara aiki a 1945, ba ta san kwamfuta ba, alƙalai kuma suka yi ta saɓani. A 2009 Babbar Kotun Tarayya ta ƙi karɓar bayanan asusun banki da kwamfuta ta fitar a shari'ar Femi Fani-Kayode, sai a 2010 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. Sabuwar Dokar Shaida ta 2011 ce ta raba gardama. Sashe na 258 ya sanya faifan bidiyo cikin ma'anar takardar shaida. Sashe na 84 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da na'ura ta fitar, ciki har da takardar tabbaci daga wanda ke kula da na'urar cewa tana aiki daidai. Sassa na 14 da 15 kuma sun ce shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya karɓaɓɓiya ce, sai in kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, bayan ta auna nauyin shaidar da girman laifin da girman keta dokar da aka yi, da kuma ko da gangan aka yi shi. Kotun Ƙoli ta ƙara fayyace sashe na 84 a shari'ar zaɓe ta Dickson da Sylva a 2016, wadda ta shafi kunna faifan bidiyo a gaban kotu.

5.0 Misalai Biyu Daga Kano

Shari'o'in yaran shago ba kasafai suke kai wa manyan kotuna ba, domin galibi a ofishin 'yan sanda ko a zauren mai unguwa ake kashe su. Saboda haka misalan da suka fi fitowa fili a Arewa na manyan ma'aikatan jama'a ne, waɗanda al'umma ce maigidansu. Biyu daga cikinsu sun shafi 'yan siyasar Kano, kuma duka biyun kyamarar ɓoye ce ta haifar da su.

Na farko shi ne na Faruk Lawan, tsohon ɗan Majalisar Wakilai da ya wakilci Bagwai da Shanono, wanda ya shugabanci kwamitin binciken kuɗin tallafin man fetur a 2012. An tuhume shi da neman dala miliyan 3 daga ɗan kasuwa Femi Otedola don a cire kamfaninsa Zenon daga jerin waɗanda ake zargi, da kuma karɓar dala 500,000 daga ciki. An ɗauki hoton miƙa kuɗin ne da sanin jami'an tsaron farin kaya. Shi Faruk ya kare kansa da cewa ya karɓa ne don ya tona asirin mai bayarwa. An gurfanar da shi a 2013, Babbar Kotun Abuja ta ɗaure shi shekara 7 a ranar 22 ga Yuni 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban 2024, aka kuma yi masa afuwar shugaban ƙasa a 2025.

Na biyu shi ne faifan da jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta wallafa a Oktoban 2018, wanda aka yi zargin yana nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa faifan aka yi. Majalisar Dokokin Kano ta kafa kwamitin mutum 7 ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi, ɗan jaridar ya bayyana a gabansa, amma a Disambar 2018 Babbar Kotun Kano ta ce majalisa ba ta da hurumin binciken laifi, aikin 'yan sanda ne da hukumomin yaƙi da cin hanci. Sashe na 308 na Tsarin Mulki kuma ya kare gwamna daga gurfana muddin yana kan mulki. Gwamnan ya kai ƙarar ɓata suna yana neman naira biliyan 3, ya janye ta a 2021. A Yulin 2023 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta ce binciken ƙwararru ya nuna faifan sahihi ne, sai dai a Maris 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce laifin da ake zargi na dokar tarayya ne, hukumar jiha ba ta da ikon bincikensa. Hukuncin 2018 da na 2024 duka a kan hurumi suka tsaya, ba su taɓo gaskiyar abin da ke cikin faifan ko rashinta ba.

Bahaushe kan ce gani ya kori ji, amma waɗannan misalai sun nuna cewa a gaban shari'a gani kaɗai bai isa ba. A na farko hukuma mai iko ce ta shirya ɗaukar hoton, akwai shaidun da suka tsaya a bayansa aka yi musu tambayoyi, duk da haka sai da shari'ar ta ci shekara 11 daga gurfanarwa zuwa Kotun Ƙoli. A na biyu miliyoyin mutane sun kalli faifan a wayoyinsu, kowa ya yanke nasa hukunci, amma binciken majalisa da na hukumar jiha duka sun tsaya a bakin ƙofa.

6.0 Yadda Aka Auna Batun A Waje

Ya kamata a leƙa waje a nan, domin gyaran Tsarin Mulki na uku na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon jin duk wata ƙarar ƙwadago tare da yin la'akari da kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. Daga cikin irin waɗannan ƙa'idoji akwai wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta wallafa a 1997 kan kare bayanan ma'aikata. Ta ce a sanar da ma'aikaci tun farko dalilin sa idon da lokacinsa da hanyarsa. Sa ido a ɓoye ba ya halatta sai in dokar ƙasa ta yarda, ko akwai zargi mai tushe na babban laifi. Sa ido marar yankewa kuwa sai don kare lafiya ko dukiya.

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunce-hukunce biyu da suka haskaka iyakar. A 2009 wani babban kanti a Sifaniya ya ga kaya suna ɓacewa, asarar ta kai kimanin yuro 82,000 cikin wata biyar. Sai manajan ya kafa kyamarori na fili da na ɓoye, na ɓoyen suna kallon teburan kuɗi. Cikin kwana 10 aka gano masu satar, aka kori ma'aikata 14, biyar daga cikinsu suka kai ƙara. A 2018 ƙaramin zauren kotun ya ce an keta sirrinsu, amma a Oktoban 2019 babban zaure ya soke wannan da rinjayen alƙalai 14 a kan 3. Hujjarsa ita ce akwai zargi mai tushe da asara babba, wurin da aka ɗauka fili ne da jama'a ke shiga, lokacin gajere ne, kuma mutane ƙalilan ne suka kalli faifan. Kotun ta yi gargaɗi cewa ɗan ƙaramin zato ba ya halatta kyamarar ɓoye. Wannan ita ce shari'ar López Ribalda.

A ɗaya ɓangaren kuma, a 2017 kotun ta ba wasu malaman lissafi biyu na Jami'ar Montenegro gaskiya, bayan da aka kafa kyamarori a ɗakunan da suke ba da lacca, da sunan tsaro da kuma sa ido kan koyarwa. Kotun ta ce ko a wurin aiki mutum yana da rabonsa na sirri, kuma jami'ar ba ta nuna wani haɗarin da ya wajabta kafa su ba. Mai nazari zai ga wannan ma'auni bai yi nisa da na Al-Mawardi ba, wato hani shi ne asali, togaciya kuwa sai da alama mai ƙarfi.

7.0 Dokar 2023 Da Mai Shago A Yelwa

A Janairun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan mutane. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata ƙara da aka kai hukumar katin ɗan ƙasa, ta ce kare irin waɗannan bayanai yana cikin sashe na 37 na Tsarin Mulki. Daga nan a ranar 12 ga Yuni 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman don aiwatar da ita. Da yake hoton da za a iya gane mutum da shi bayani ne a ma'anar dokar, kuma dokar ta tarayya ce, to, ta hau kan mai gidan mai a Yelwa kamar yadda ta hau kan banki a Legas.

Dokar ba ta hana kafa kyamara ba. Sashe na 25 ya yarda a tattara bayanai saboda halattacciyar buƙatar mai wuri, kare dukiya kuwa buƙata ce halattacciya, amma da sharaɗin kada ta danne haƙƙin wanda ake ɗauka, kada kuma ta zo masa ta inda mai hankali ba zai yi tsammani ba. Sashe na 24 ya buƙaci gaskiya da bayyanawa, da ƙayyade manufa, da taƙaita abin da za a ɗauka, da rashin ajiye shi fiye da buƙata. Idan aka sauko da waɗannan ƙa'idoji cikin shago, abubuwan da za su fito su ne kamar haka:

(a) A sanar da ma'aikata da masu shigowa cewa akwai kyamara, da allo a bango ko a cikin takardar ɗaukar aiki.

(b) A tsayar da ita inda dukiya take, kamar teburin kuɗi da sito da ƙofa. Banɗaki da wurin sauya tufafi da ɗakin da yara ke kwana ba wuraren da za a iya kafa hujja a kansu ba ne.

(c) Kyamarar ɓoye ba ta da madogara sai in akwai asara tabbatacciya da zargi mai tushe, a kuma cire ta da zarar an gano bakin zaren.

(d) A taƙaita masu kallon faifan, a kuma yi amfani da shi don abin da aka ɗauke shi kawai.

Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne aka fi takewa. Mai shagon da ya ɗora hoton yaronsa a Facebook ko WhatsApp don ya kunyata shi ya fita daga manufar kare dukiya, ya buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna, yana kuma iya jawo wa yaron dukan taron jama'a kafin a tabbatar da laifinsa. Dokar ta ba wanda aka cuta damar kai kuka ga hukumar ko neman diyya a kotu. Tarar da ta tanada tana iya kai wa naira miliyan 2 ga ƙananan wurare, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara idan ya fi haka yawa. Kyamarar da magidanci ya kafa a gidansa, inda 'yan aiki suke, tana cikin abin da dokar ta togace, amma ita ma da sharaɗin kada a keta haƙƙin sirrin wani.

Bayan ɗaukar hoto kuma akwai batun kora. Kotun Ƙoli ta ce, a shari'ar Yusuf da Union Bank ta 1996 da ta Arinze da First Bank ta 2004, ba dole ne mai ɗaukar aiki ya jira kotu ta kama ma'aikaci da laifi kafin ya sallame shi ba, muddin an sanar da shi zargin an kuma ba shi damar kare kansa. Saboda haka adalci shi ne a nuna masa faifan a ji ta bakinsa. Kyamara tana nuna hannu ya ɗauki kuɗi ya sa a aljihu, amma ba ta nuna ko canji aka aiki mutum ya nemo, ko bashinsa aka ce ya cira.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin bin tarihin sa ido ga ma'aikaci tun daga zamanin madugu da jakada, zuwa rasit da odita, har zuwa kyamara. An ga cewa fiƙihu ya halatta bin diddigin aiki ya hana leƙen asiri, alhali dokar da aka gada daga Turawa, tun daga shari'ar Musa Sadau ta 1968 har zuwa Dokar Shaida ta 2011, ta fi mayar da hankali ga karɓar shaida. Misalan Kano biyu sun nuna cewa makomar faifai ta dogara ga wanda ya ɗauka, da shaidun da suka tsaya masa, da hurumin wanda zai duba shi. Dokar 2023 ta dawo da tambayar da malamai suka fara da ita, wato ko ya halatta a leƙa tun farko.

Sai dai har yanzu akwai giɓi tsakanin dokokin biyu. Faifan da aka ɗauka ta hanyar da ta saɓa wa Dokar 2023 yana iya shiga kotu ta ƙofar sashe na 14 na Dokar Shaida, a hukunta ma'aikaci da shi, shi kuma maigida ya fuskanci tara ko diyya a wata shari'ar dabam. Yadda alƙalai za su daidaita waɗannan sassa abu ne da ya cancanci masana shari'a su ci gaba da nazari a kai. Haka kuma akwai buƙatar a fassara dokar zuwa Hausa da Fulfulde da sauran harsunan Jihar Taraba, a kuma bayyana ta ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, domin yawancin masu kafa kyamara da waɗanda ake kafa wa ba a cikin Ingilishi suke ƙulla yarjejeniyar aikinsu ba.